Keta: Garin Da Ke Kwana Da Teku A Bakin Ƙofa

Mu Hausawa asalinmu mutanen tudu ne. Kakanninmu da suka biyo hanyar Gwanja da jakuna da takarkarai sun san yadda ake kare gida daga ruwan sama. Sun san yaɓe, sun san indararo, sun san a buɗe rariya kafin hadari ya haɗu. Amma ruwan da ke zuwa ta ƙasa, dare da rana, rani da damina, ba ya hutu ba ya gajiya, wannan sai da muka sauko bakin teku muka san da shi. Yau kuwa akwai zango a Sekondi, akwai a Cape Coast, akwai a Ankara, akwai a Aflao, wasunmu ma har sun fara sayen filaye a gaɓar teku suna gini. Saboda haka a wannan fitowa muka ga ya dace mu kai ku garin da ya fi kowane gari a ƙasar nan sanin halin teku, wato Keta, mu ga yadda mutanensa ke tsare gidajensu, da abin da tsaron ke ci musu.

Hanyar Zuwa

Mu huɗu ne muka yi tafiyar, dukanmu malaman makaranta, a hutun watan Afrilu na 2025. Mun shiga mota a tashar Tudu cikin Ankara da sassafe, muka bi ta Tema, muka miƙe gabas har muka haye kogin Volta ta doguwar gadar Sogakope. A mararrabar Dabala aka bar babban titin Aflao aka karya dama, aka nufi kudu. Daga nan ƙasa ta fara sauya kama. Tudu ya ƙare, itatuwa suka yi ƙaranci, sai fadama da ciyawa da ruwa kwance iyakar ganinka.

Da muka iso Anloga sai muka shiga wani siririn zirin yashi wanda a kansa dukan garuruwan yankin suke jere kamar tasbaha: Anloga, Woe, Tegbi, Dzelukope, sannan Keta. Ta hannun dama teku, ta hannun hagu tafkin Keta, wanda ya fi kowane tafki irinsa girma a Ghana. Mutanen Anlo, wani reshe na ƙabilar Ewe, su ne masu ƙasar. Manoma ne na ban mamaki, domin a kan yashi tsantsa suke noman ƙananan albasa da tumatir da kuɓewa, da taki da ruwan 'yan rijiyoyi marasa zurfi. A Woe mun hangi hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Cape St. Paul, wadda aka kafa tun 1901. A wannan garin ne kuma, a 1932, aka fara ganin wata cuta da ke kashe itacen kwakwa, ta cinye gonakin kwakwar yankin masu ɗimbin yawa.

Wani abokinmu da muka yi kwalejin horon malamai tare, wanda yake koyarwa a can, shi ya tarbe mu. Tun a mota ya gaya mana ma'anar sunan garin. Da harshen Ewe, Keta na nufin kan yashi. Ya ce mu riƙe wannan, domin duk labarin garin yana cikin sunansa.

Garin Da Rabinsa Ke Cikin Ruwa

Wuri na farko da ake kai baƙo a Keta shi ne kagarar Prinzenstein, wadda Turawan Danmak suka gina a 1784. A cikinta aka riƙa tsare bayi kafin a ɗora su a jirgi. A 1850 Danmak ta sayar wa Ingila da duk kagarunta na Gwalkwas, daga baya aka mai da wannan kurkuku. Mu ma muna da tarihi a nan. A 1874, bayan yaƙin da Ingilishi suka yi da mutanen Anlo, an girke dakarun Hausawa a Keta, fatake suka biyo sawunsu, zango ya kafu. A wancan zamani Keta babbar tashar ciniki ce. Jiragen ruwa na tsayawa can nesa, ƙananan jirage na fito da kaya gaɓa, kamfanonin Turawa na da kantuna da ɗakunan ajiya. Wannan harka ta mutu ne bayan da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema a 1962.

Abin da ya rage na kagarar yau ɓangare ne kawai. A 1980 teku ta rushe sashen da ke fuskantarta. Mutum zai tsaya a kan bangon da ya saura ya ga inda ginin ya yanke kamar an sa wuƙa. Wani dattijo da muka gaisa da shi bayan sallar azahar a zango ya rako mu har wurin. Ya miƙa sandarsa cikin teku, can inda igiyar ruwa ke fashewa, yana lissafa mana: nan titi ne, can kantuna ne, gaba kaɗan makaranta ce, bayanta gidajen mutane ne da rijiyoyinsu. Mu dai ba mu ga komai ba sai kumfa. Ya ce, “Malamai, ku kuna koya wa yara taswira. To ga garin da taswirarsa ke tsufa kafin mai zanen ya tsufa.”

Ba ƙari ya yi ba. Tun wajen 1907 aka fara rubuta labarin zaizayar gaɓar Keta. A 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta kawo injiniya daga Ingila ya duba, ya ce kuɗin kare garin ya fi ƙarfin abin da za a kare, gara mutane su ƙaura. Mutane suka ƙi. Suka yi ta kafa itatuwa da turaku, teku na kwashewa. Wajen 1960 aka kakkafa katangar faifan ƙarfe a gaban garin, gishiri ya cinye ta cikin 'yan shekaru. Kafin ƙarshen shekarun 1980 fiye da rabin tsohon garin ya shige ruwa.

Me Ya Sa Teku Ke Ci A Nan?

Wanda bai zauna bakin teku ba yana tsammani yashin gaɓa a zaune yake wuri guda. Alhali tafiya yake yi. A gaɓar ƙasarmu igiyar ruwa tana zuwa ne a karkace daga kudu maso yamma, saboda haka kullum tana tura yashi gabas, daga bakin Volta zuwa Keta, zuwa Aflao, zuwa Togo. Gaɓa kamar kasuwa ce: kaya na fita, kaya na shigowa. In abin da ke shigowa daga yamma ya yi daidai da abin da ke fita ta gabas, gaɓa na nan yadda take. In ya gaza, sai teku ta cike giɓin da ƙasar da gidanka yake a kai.

Babban mai kawo wa wannan gaɓa yashi shi ne kogin Volta. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, aka ƙara ta Kpong a 1982, sai yawancin yashi da lakar da kogin ke saukowa da su suka riƙa kwanciya a bayan madatsun. Wutar lantarkin da muke kunnawa a Nima da Kumasi, mutanen Keta sun biya wani abu daga cikin kuɗinta da ƙasarsu. Zaizayar ta girmi madatsar, amma madatsar ta ƙara mata ƙarfi. Kafin babban aikin da za mu ambata, akwai wuraren da teku ke cin mita 4 zuwa 8 a shekara guda. Ga kuma masu ɗibar yashin gaɓa don yin bulo, ga masu sare itatuwan bakin ruwa don ƙyafe kifi. Daɗin daɗawa ita kanta tekun tana ƙara tudu a duniya baki ɗaya saboda ɗumamar yanayi, ta ƙaru da kimanin santimita 20 daga 1900 zuwa yau. A ƙasa mai tsauni wannan ba wani abu ba ne. A kan zirin yashin da da ƙyar ya ɗara ruwa tsawo, babban abu ne.

Babban Aikin Gwamnati

An fara babban aikin kare Keta a ƙarshen mulkin Shugaba Rawlings, aka gama a 2004 zamanin Shugaba Kufuor. Kamfanin Great Lakes na Amurka ne ya yi shi, da bashin da aka karɓo daga can, kuɗin ya haura dala miliyan 80. Mun bi aikin da ƙafa daga kagara zuwa gabas, ga abin da ya ƙunsa.

Da farko akwai jingar duwatsu a gaban kagarar da abin da ya saura na garin. Ba gini ba ne, babu siminti ko kaɗan. Manyan duwatsu ne, kowanne ya fi ƙarfin mutum goma, an jibge su a gangare. In igiya ta zo sai ta shige tsakaninsu ta rarrabu, ƙarfinta ya mutu. Na biyu akwai wasu dogayen jerin duwatsu guda 6 da aka miƙa cikin teku kamar yatsun hannu. Aikinsu su tare yashin nan mai tafiya gabas. Kowa zai iya gani da idonsa: ta yammacin kowane yatsa yashi ya taru ya yi fili, ta gabashinsa gaɓa ta lotsa. Na uku an yaso yashi daga cikin tafki an cike tsakanin yatsun, an kuma yi sabuwar ƙasa inda aka gina wa mutanen Vodza da Adzido da Kedzi gidaje. Na huɗu an ɗaga titi mai tsawon fiye da kilomita 8 a madadin wanda ruwa ya cinye, an sa ƙofofin ruwa don a riƙa sakin tafki cikin teku in ya cika.

Gaskiya aikin ya ceci Keta. Inda dā ruwa ke dukan bangon ɗakuna, mun tarar da yara na buga ƙwallo, masunta na jan taru suna waƙa. Sai dai abokinmu ya ce kada mu yanke hukunci tukuna, mu bari sai mun ga inda duwatsun suka ƙare.

Mai Gida Da Katangarsa

Washegari ya kai mu gidan wani tsohon magini a gabas da Kedzi. Mutumin Anlo ne, amma ya yi shekaru yana aiki a zangon Kumasi, Hausa a bakinsa kamar ɗan gida. Abokinmu na ce masa Togbi, mu muna ce masa Baba. Gidansa na fuskantar teku, ya kuma yi masa katanga ta kankare da ta kai ƙirjin mutum, da tarin duwatsu a gabanta. Bai ɓoye mana ba, ya ce katangar mutum ɗaya ba ta tare teku. Duwatsun gwamnati su ke karya ƙarfin ruwa, tasa kuwa tana tare abin da ya tsallako ne a ranakun da teku ta yi fushi. Amma ko wannan ɗin, in ba a kula da ita, damina biyu ta yi yawa.

Ya ce mu tuɓe takalma mu biyo shi, ya zagaya da mu ta gaban katangar, ya fara da gindinta. A nan, in ji shi, mutuwar katanga take farawa. Igiya in ta bugi bango a tsaye ba ta da wurin zuwa, sai rabi ya yi sama, rabi ya yi ƙasa ya ƙwaƙule yashin da ke gindi ya tafi da shi. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har harsashi ya fito fili, ranar nan sai katanga ta durƙusa gaba ɗaya alhali jikinta lafiya lau. Ya nuna mana layuka uku da ya ja da jan fenti a ƙasan bangon. In yashi ya rufe duka, hankalinsa a kwance. In na biyu ya bayyana, sai ya fara neman dutse. Bai taɓa bari na uku ya fito ba. Zuba dutsen ma da ƙa'ida: ƙanana a ciki, manya a waje, a gangare, kowane babba ya zauna a kan 'yan'uwansa ta wuri uku don kada ya yi rawa. Dutsen da ya gangara bayan an yi ruwa, a mai da shi wurinsa tun bai nutse cikin yashi ba.

Daga nan ya nuna mana wasu gajerun bututun roba da ke leƙowa daga jikin katangar, taku biyu tsakanin kowanne. Ɗayanmu ya tambaya ko ba ta nan ruwan teku zai shiga ba. Baba ya yi dariya ya ce, “Malam, ai rariya ce. Ruwan da ke bayan katanga ya fi na gabanta haɗari.” Ya bayyana mana cewa ruwan sama da wanda igiya ta watso suna taruwa a cikin ƙasar tsakar gida. In teku ta janye, wannan ruwa da jiƙaƙƙiyar ƙasa sai su danno katangar daga baya, babu abin da ke tokare ta ta gaba. Katangu da yawa ba teku ce ta ture su ciki ba, tsakar gida ce ta ture su waje. Saboda haka duk mako yana bin bututun nan da sanda yana zaƙulo yashi da leda da ƙaguwa. A bayan kowane bututu kuma akwai tsakuwa da wani ƙyalle mai kauri kamar bargo wanda ruwa ke wucewa ta cikinsa amma yashi ba ya wucewa. In babu wannan, rariyar da kanta za ta riƙa zurarar da ƙasar gidan.

Ya ce alamar da ya fi tsoro ƙarama ce ƙwarai: ɗan rami a tsakar gida kusa da katanga, kamar na gyare, ko wurin da daɓe ya ɗan lotsa. Ma'anarsa yashi na tsiyayewa ta wata kafa a ƙarƙashi, akwai kogo inda ido ba ya gani. Wanda ya cike ramin da ƙasa ya tafi, ya rufe bakin ciwo ne da ruɓa a ciki. Sai an tona an gano kafar, an toshe ta, sannan a mai da tsakuwa da ƙasa a daddaɓe.

Abu na uku gishiri. Ya kai mu wani wuri da ya yi sabon gyara, ya nuna mana wani tsohon guntun rodi da ya ciro, ya kumbura ya yi ɓawo-ɓawo kamar rogo. Kankare yana shan ruwa a hankali. In ruwan gishiri ya kai ga rodin da ke ciki sai ya yi tsatsa, tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, sai ta fasa kankaren daga ciki. Tsaga ta buɗe, ruwa ya ƙara shiga, tsatsa ta ƙaru. Dama Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Alamar ita ce jan zane kamar na goro yana gangarowa a jikin bango. Maganinsa a farfasa wurin har a wuce inda tsatsar ta tsaya, a kankare ƙarfen da burushin waya, in ya sirance a ƙara wani, a mai da siminti mai ƙarfi da kauri. Yakan kuma bi bangon yana ƙwanƙwasawa da guduma. Inda ya ji ƙara kamar ta fasasshiyar tukunya, ya san ciki ya rabu ko da waje bai nuna ba. Ya gargaɗe mu da abu biyu: kada a kwaɓa siminti da yashin gaɓa, kada a kwaɓa da ruwan rijiyar da ke da ɗanɗanon gishiri. Mai yin haka ya gina katangar da cutarta a ciki. Tun ran gini ran zane.

Sai maganar lokaci, wadda ta ba mu sha'awa ƙwarai, domin lissafinta irin namu ne. Teku tana cika ta janye sau biyu a kwana guda, kullum kuma tana jinkirta da kusan minti 50. Cikarta ta fi yawa a wajen tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, a ranakun nan ne kuma take janyewa nesa har gindin katanga ya fito sosai. Saboda haka sau biyu a wata yake babban dubawa, da duk safiyar da ta biyo bayan daren da teku ta yi hauka. Babban gyara kuwa da rani ake yinsa, lokacin hunturu da ruwa ke kwance, a gama kafin watan Yuni, domin daga nan zuwa Satumba teku ba ta ba magini sarari. Ya ce duk wata yana ware kuɗin katanga kamar zubin adashi, ko ta nema ko ba ta nema ba. A gidansa, in ji shi, katanga tana cikin masu cin tuwo.

Ya ƙara da 'yan abubuwan da ya hana a gidan. Ba a zubar da ruwan wanka ko na wanki a gindin katanga. Ba a jibga bulo ko a ajiye mota kusa da ita. Ba a dasa babban itace a jikinta saboda saiwa. Amma ciyawa da yaɗon da ke bin yashi a gabanta, ko akuya ba ya bari ta taɓa, domin su ke riƙe yashin.

Da muka zo ƙarshen katangar sai muka ga ta lanƙwasa ta shiga cikin gida kamar ƙugiya. Ya ce nan ne wuri mafi wuya, kuma ba siminti ke maganinsa ba. Ruwan da katanga ta hana shiga ba ya komawa gida, gefe yake bi. Inda katangarka ta ƙare, nan yake taruwa ya ci, wato filin maƙwabcinka. In ya cinye nasa sai ya zagayo ta baya ya kwance taka. Shi ya sa da maƙwabcinsa na gabas ya rasa kuɗin dutse, shi da wasu mutum biyu suka haɗa suka zuba masa. Ya ce, “Ba kyauta na yi masa ba, Malam. Katangata na gyara.”

Inda Duwatsun Suka Ƙare

Da la'asar muka shiga mota muka ƙara gaba, sai muka ga maganar Baba a rubuce a kan ƙasa da manyan baƙaƙe. Yatsun dutsen Keta sun tare yashin da dā yake wucewa gabas, saboda haka garuruwan da ke gaba suka shiga yunwar yashi, zaizaya ta ƙaru a wurinsu. Daga 2015 gwamnati ta yi wani sabon aikin na kimanin kilomita 4 a yankin Blekusu. Shi ma inda ya tsaya, nan ruwa ya koma. Ranar Lahadi 7 ga Nuwamba 2021, da asuba, igiyar ruwa ta afka wa garuruwan wannan gaɓa ta raba dubban mutane da gidajensu. A farkon 2025 ta sake dawowa kan Agavedzi da Salakope da Amutinu, har Shugaba Mahama ya je ya duba a watan Maris.

Mun sauka a Agavedzi. Gani ya kori ji. Ɗakuna a tsage biyu, rabi a tsaye da fentinsa da ƙusar rataye kaya, rabi babu. Harsashin gidaje a kwance cikin ruwa kamar kabarin da aka tone. Kaburburan ma na gaske ba su tsira ba, domin teku ta shiga maƙabarta, har sai da dangi suka kwashe ƙasusuwan iyayensu suka kai wani wuri. Tsakanin teku da titin da ya haɗa Keta da Denu 'yan taku ne kawai, bayan titin kuma tafki. Mun ga buhunan yashi da kututturan kwakwa da tsofaffin tayoyi da mutane suka jera a gaban gidajensu. Mun ga ragowar wata katangar bulo da wani bawan Allah ya kashe kuɗinsa a kai, ta kife gaba ɗaya, babu rariya ko ɗaya a jikinta, babu dutse a gindinta. Wata mata tana ƙyafe kifi a cikin abin da dā falonta ne. Muka gaishe ta, ta amsa, ta ci gaba da aikinta.

Bayan dawowarmu, a watan Yuli na 2025, an ƙaddamar da kashi na biyu na aikin Blekusu domin ya rufe waɗannan garuruwa. Muna yi musu fatan alheri. Sai dai wanda ya ga abin da muka gani dole ya tambaya: in an gama wannan, ina ruwan zai koma? Gaba akwai Denu da Aflao, inda 'yan'uwanmu suke da yawa, gaba da su kuma Lome. Can ma labarin ɗaya ne, domin tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lome a 1968 gaɓar da ke gabashinta take zaizayewa, har tsohon titin Aneho ya shige ruwa. Yashi bai san iyakar ƙasa ba. Su kansu manyan duwatsun na gwamnati suna bukatar mai duba su, domin suna nutsewa, suna gangarawa, masu neman dutsen gini kuma suna sata. Abin da Baba ke yi sau biyu a wata da sandarsa da gudumarsa, shi ya kamata hukuma ta riƙa yi da injiniyoyinta, da kuɗin da aka ware tun kafin ɓarna.

Abin Da Za Mu Ɗauka

Tsofaffinmu suna ba da labarin ganuwar Kano da ta Zariya, cewa ba ginin farko ne ya tsai da su ɗaruruwan shekaru ba. Bayan kowace damina akan yi gayya, kowace unguwa da nata yanki, a kwaɓa ƙasa a liƙe inda ya zube. Da aka daina gayyar, ganuwa ta fara komawa ƙasa. Katangar teku ma haka take, sai dai ita daminarta ba ta ƙarewa.

Saboda haka ga shawararmu ga duk wanda aka yi wa tallan fili a bakin teku, ko a bakin tafki ko kogi. Kafin ka biya, nemi tsofaffin wurin ka tambaye su inda ruwa yake sa'ad da suke yara. Je ka ga filin a watan Yuli ko Agusta, ranar sha huɗu ga wata, kada ka tsaya ga ganin rani. Dubi abin da maƙwabta na yamma da na gabas suka gina. Nemi izinin hukuma da shawarar injiniya kafin ka zuba ko dutse ɗaya. Ja gininka baya iyakar iyawarka, domin tazara ita ce katangar da ba ta tsatsa. Sa'an nan ka lissafa kuɗin gyara na kowace shekara a cikin kuɗin gidan. In lissafin ya fi ƙarfinka, bar shi, ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Waɗanda kuma gidajensu ke bakin manyan kwatoci a Nima da Alajo da sauran unguwanninmu, kada su ce wannan labarin mutanen teku ne. Gindin katanga, da rariya, da tsatsar rodi, da ɗan ramin nan na tsakar gida, duk ɗaya ne. Haka nan wanda ya tura ruwa gidan maƙwabcinsa, ta baya zai zagayo masa. Ga mai sayen yashi kuma, ya tambayi direban tifa daga ina ya ɗebo.

Allah ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da alheri, ya kiyaye na gaba.